Mai Ga-ruwa da Shukar da Ba Ta Son Ruwa

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, tun zamanin da famfo bai shigo ba, ruwan sha sai na rijiya. Ku matso kusa, jama'a, ku gyara zama. Kai da ke jingine da ginshiƙi kana lumshe ido, na gan ka. In barci ne, yi haƙuri in gama, ba inda zai je.

Wannan bawan Allah sunansa Nomau, sana'arsa ga-ruwa. Sanda a kafaɗa, garwa a gaba, garwa a baya, daga rijiyar bayan gari zuwa lunguna, tun sanyin safiya har rana ta take tsaka. Kafaɗunsa duk sun yi kanta. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ko a masallaci can sahun baya yake raɓewa, wai kada jiƙaƙƙiyar rigarsa ta ɓata wa wani tasa. Amma akwai halin da duk garin suka san shi da shi: Nomau ba ya iya ganin mai ƙishirwa ya wuce. Jaki ne aka ɗaure a rana, sai ya sauke garwa. Kare ne ya zaro harshe yana haki, sai ya nemi sakaina ya tsiyaya masa. Baƙo ne ya sauka a gindin bishiya, kafin ya buɗe baki an miƙa masa moɗa. Matarsa Tasalla takan ce masa, "Malam, kai fa rabin ruwanka a hanya yake ƙarewa." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Rijiyar ba ta ce mini ta gaji ba."

To, a ƙarshen lungunsu akwai wata tsohuwa, ana ce mata Gwaggo Yalwa. Idanunta sun daɗe da rufewa, komai sai da lalube. Nomau ne yake cika mata randa kullum, bai kuma taɓa yarda ta biya shi ba. 'Ya'ya biyu Allah ya raya mata: mace, Marka, tana aure a wani gari mai nisa, da namiji, Sallau, wanda ya tashi da fatauci.

Wata dawowa da Sallau ya yi daga ƙasar duwatsu, ya zo wa uwarsa da wata 'yar shuka a ƙunshe cikin tsumma. Ba wanda ya taɓa ganin irinta a garin. Ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita, ba ta inuwa. Ganyenta mai kauri ne, launin toka-toka, bakin kowane ganye da ɗigo-ɗigon ja mai duhu kamar an sa masa lalle. Abin mamakin shi ne gashi. Ganyen nan duk a lulluɓe yake da wani lallausan gashi, in ka shafa sai ka rantse kunnen zomo ka kama. Sallau da kansa ya samo 'yar tukunya, ya huda gindinta, ya haɗa yashi da tsakuwa da ƙasa kaɗan, ya dasa. Sannan ya kama hannun uwarsa ya ɗora a kai, ya ce, "Inna, tunda idon ya ƙi, na kawo miki abin da ake kallo da hannu." Tsohuwa ta shafa, ta yi ta dariya, nan take ta raɗa mata suna Kunnen-zomo.

Tafiyar da ya yi bayan wannan, bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, abokan tafiyarsa suka yi masa sutura a can, suka zo da labari. Bai yi aure ba balle ya bar ɗa. Uwarsa ko inda kabarinsa yake ba ta sani ba. Abin da hannun Sallau ya taɓa, ya bari da rai a duniya, shukar nan ce kaɗai. Kullum in ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, sai ta lalubo tukunyar ta kai bakin ƙofa inda hantsi yake sauka, ta zauna tana shafa ganyen da bayan yatsa, tana yi wa ɗanta addu'a. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne gindin maganar.

Ana nan ana nan, sai ga manzo daga garin Marka: ta haihu, amma haihuwar ta zo da wuya, tana kwance tana kiran uwarta. An zo da jaki za a tafi da tsohuwa. Hanya ce mai nisa, mai gargada, tukunya ba za ta kai da rai ba. Gwaggo Yalwa ta aika aka kira Nomau. Ya zo ya durƙusa.

Ta ce, "Nomau, miƙo yatsanka."

Ya miƙa. Ta kama yatsan ta cusa cikin ƙasar tukunyar. "Me ka ji?"

Ya ce, "A bushe take ƙamas, Gwaggo."

Ta ce, "To, haka take so. Sai ka ji ta bushe har can ƙasa, ka kuma ƙara mata kwanaki, sannan ka tsiyaya mata kaɗan a gindi. A gindi na ce, kada ka jiƙa ganyen. Ka bar ta inda hantsi zai same ta. Ka ji ni ko?"

Ya ce, "Na ji, Gwaggo."

Ta ce, "Duk garin nan kai kaɗai zan iya ba wa. Ka san ko hannun wa ya dasa ta."

Nomau ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Amana ce, na ɗauka. In sha Allah yadda kika ba ni haka za ki same ta." Ya kai ta gida ya ajiye a tagar ɗan zaurensa.

Da farko lafiya lau. Yakan cusa yatsa, ya ji, ya wuce. Sai bazara ta kama. Kun san bazarar da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, tsuntsu ya buɗe baki a kan reshe ya kasa kuka? Irinta aka yi. Nomau ya shigo zaure da garwa biyu a cike, gumi yana tsiyaya, ya kalli 'yar shukar nan a zaune cikin busasshen yashi, sai zuciyarsa ta karye. Ya dubi launin tokar nan na ganyen, ya ce ƙishirwa ce. Ya dubi jan da ke bakin ganyen, ya ce rana ce ta ƙona shi. Sai ya zauna ya yi wa kansa fatawa, irin wadda mukan yi wa kanmu in muna son mu yi abin da aka hana mu. Ya ce, "Ai na gane. Gwaggo kunyata take ji. Ruwan kyauta nake kawo mata, shi ya sa take tsimi, har ta saba wa abin Allah da yunwa. Ni kuwa ga ruwa a kafaɗata. Jaki ya sha, kare ya sha, amanar da ke ɗakina ta kwana da ƙishi? Haba!"

Ya ɗebo moɗa guda ya zuba. Washegari ya ga ganyen kamar ya ƙara cika, ya ji daɗi, ya ƙara. Daga nan sai ya zama kullum: ruwan farko da ya shigo da shi gida, nata ne. Bai tsaya nan ba, bayin Allah. Ya riƙa yayyafa wa ganyen ruwa, wai ya sha sanyi. Ya ɗauke ta daga taga ya kai ta ƙuryar ɗaki, gindin randa, inda duhu da danshi suke, wai kada rana ta dame ta.

Tasalla ta ce, "Malam, ba haka Gwaggo ta ce ba fa."

Ya ce, "Ke dai ki bari. Tun da kike, kin taɓa ganin abin da ruwa ya kashe da bazara?"

Ku ji fa! Mutumin kirki ne, wallahi mutumin kirki ne, ba mugunta a ransa ko ƙwayar gero. Amma an gaya masa, ya ce ya ji, sannan ya ga shi ya fi mai abu sanin abinta. Shukar nan daga kan dutse ta fito. Allah ya halicce ta tana ajiye ruwanta a cikin ganye, ta yi ta sha a hankali. In ka cika mata ƙasa da ruwa, saiwarta ce take ruɓewa, kai kana sama kana murna.

Wata safiya ya shiga da moɗarsa, sai wani wari ya tare shi. Ya sunkuya ya duba. Gindin ya yi baƙi, ganyen ƙasa sun yi rawaya sun yi laushi. Ya kai yatsa ya ɗan taɓa, shukar ta kife gaba ɗaya, ganye suka zube. Ya tona ƙasar da sauri ko saiwar tana nan, ya tarar ta narke. Moɗar ta faɗi daga hannunsa. Ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Ran nan masu jiran ruwa suka gaji da leƙe, Nomau bai je rijiya ba. Tasalla ta tarar da shi yana hawaye, babban mutum da furfura a gemu, yana cewa, "Na kashe wa makauniya abin da take gani da shi."

Da ya ɗan natsu, ya tsince 'yan ganyen sama waɗanda ruɓar ba ta kai gare su ba, ya jera su a sakaina bisa busasshen yashi, ya mayar tagar zaure. Ya ce ko abin da ya rage ma nata ne, ba shi da ikon zubarwa.

Yanzu ku saurara, nan ne jarrabawar take. Nomau yana da aboki a kasuwa, Shekarau mai magani, wanda yake baza saiwoyi da sassaƙe. Ya ga Nomau ya rame ya yi zuru-zuru, ya matsa masa da tambaya har ya faɗa. Shekarau ya ce, "Wannan ne ya hana ka cin tuwo? Biyo ni." Ya kai shi bayan rumfarsa, ya ɗaga wata tabarma. Me Nomau zai gani? Shuka irin ta Gwaggo sak, girmanta ɗaya, gashinta ɗaya, har jan bakin ganyen. Wasu matafiya ne suka bar masa.

Shekarau ya ce, "Ɗauki, kyauta na ba ka. Ka dasa a tukunyarta. Tsohuwar nan ba ta gani, hannu kuwa ba ya bambanta gashi da gashi."

Nomau ya ce, "Ai ba ita ba ce."

Shekarau ya ce, "Wa ya sani? Ni da kai da matarka. Ka ga, ba wani abu za ka ci da wannan ba, balle a ce ka cuce ta. Tausayi ne. Matar da ta tsufa haka, ka je ka ce mata abin da ɗanta ya bari ya mutu, in zuciyarta ta buga fa? Kai za ka sauke nauyin da ke ranka, ka ɗora mata. Wannan ce gaskiyar da kake taƙama da ita?"

Jama'a, kada wani ya yi saurin zagin Shekarau. Maganarsa tana da zaƙi, tana kuma kama da hankali. Da yawanmu a nan, da mu ne, da tun kafin ya rufe baki mun sunkuce shukar. Shi ma Nomau ya ɗauka. Ya rufe ta da gefen riga ya kai gida. Ya wanke tukunyar Gwaggo, ya zuba sabon yashi, ya tona rami. Tasalla tana tsaye tana kallonsa.

Ta ce, "Malam, in ka yi, ni bakina ba zai faɗa ba. Amma kai ne kake shiga gidan nan kullum da safe."

Hannunsa ya tsaya. Ya hango kansa yana juye ruwa a randa, tsohuwa tana zaune a bakin ƙofa tana shafa baƙon ganye, tana cewa Allah ya ji ƙan hannun da ya dasa ki. Yau haka, gobe haka, har ranar da za ta mutu. Kuma kullum ta ɗago kai ta ce masa, sannu Nomau, mai riƙon amana. Ya ajiye shukar a gefe.

Ya ce, "Tasalla, Gwaggo ce ba ta gani. Ni ina gani, Wanda ya halicce ni kuma yana gani. Na yi mata ɓarna guda, ba zan ƙara mata ta biyu ba."

Ya nannaɗe shukar ya mayar wa Shekarau, ya yi masa godiya. Shekarau ya girgiza kai ya ce, "Kai dai wahala ce take kiranka."

Ba a daɗe ba Marka ta samu sauƙi, aka dawo da Gwaggo Yalwa. Ko hutawa ba ta gama yi ba ta aika a kira Nomau. Ya tafi da tukunya a hannu ɗaya, sakaina a ɗaya. Ya yi sallama ya durƙusa. Tsohuwa ta miƙo hannu biyu tana murmushi, ta ce, "Ina take? Kawo ta nan, na yi kewarta."

Ya ajiye tukunyar a gabanta. Hannunta ya shiga ciki yana lalube, ya zagaya, ya sake zagayawa. Yashi kawai.

Nomau ya ce, "Gwaggo, ta mutu. Ba akuya ce ta ci ba, ba rana ce ta ƙona ta ba, ba wani ne ya ture ta ba. Ni ne. Kin ce kada in cika mata ruwa, na cika. Kin ce kada in jiƙa ganyen, na jiƙa. Kin ce in bar ta a hantsi, na kai ta duhu. Na ga kamar na fi ki tausayinta. Ga 'yan ganyen da suka rage. Ki yafe mini don Allah."

Tsohuwa ta zare hannunta daga cikin tukunyar. Can ta ce, "Sau biyu ke nan ana durƙusawa a ƙofar nan a kawo mini labarin Sallau." Ta jawo tukunyar ta rungume. "Kwashe ganyenka, ban ba ka gawa ba. Daga yau kuma kada ka ƙara kawo mini ruwa. Ruwanka ya ishe ni."

Ya tashi ya fita da sakainarsa.

To, kun ga, wasu suna zaton da zarar mutum ya faɗi gaskiya sai a rungume shi a sa masa albarka. Ina! Wani lokaci ƙofa ake rufe maka. Labari ya bazu a gari. Masu cewa ya ci amana suna faɗa, masu cewa wawa ne da bai rufa wa kansa asiri ba suna faɗa. Shekarau ya ce masa, "Ka gani ko? Ita tana kuka, kai kana kuka. Wa gaskiyar taka ta amfana?" Nomau ya ɗauki garwarsa ya wuce. Abin da ya dame shi kawai randar tsohuwa. Sai ya riƙa cika tulu yana ba Tasalla ta kai mata. Gwaggo Yalwa ta san ko ruwan wa ne, amma ba ta tambaya ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba. In ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa a taƙaice ta juya kai.

Sakainar nan kuwa tana tagar zaure. Nomau ko kallonta ba ya son yi, balle ya kusance ta da ruwa. Wata rana Tasalla tana shara, ta ɗaga kai, sai ta ƙwala masa kira. "Malam! Zo ka ga ikon Allah!" Ya zo a guje. A gindin wasu daga cikin ganyen nan da aka yasar, wasu siraran saiwoyi sun fito kamar zare suna neman yashi. Kusa da su kuma ga wasu 'yan mitsi-mitsin ganye, ba su fi ƙwayar dawa ba, kowanne da ɗan gashinsa.

Nomau ya yi kabbara. Kafin ka ce me, hannunsa ya kai kan moɗa! Tasalla ta cafke wuyan hannun ta ce, "Malam! Ka ji tsoron Allah!" Ya dubi moɗar, ya dubi matarsa, kunya ta kama shi, ya ajiye.

Daga ran nan ya shiga wata makaranta. Mutumin da duk rayuwarsa bayarwa ya sani, yanzu sai ya koyi riƙe hannu, kuma wallahi wannan ya fi masa ɗaukar garwa nauyi. Ya shigo da ruwa a kafaɗa, ya tsaya gaban taga, ya sa yatsa a yashi, ya ji da sauran danshi, ya haɗiye tausayinsa ya wuce. In ta bushe sarai, ya tsoma tsinke a ruwa ya ɗiga a gefe, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa gashin. Damina ta sauka, in hadari ya taso ko yana bakin rijiya sai ya yar da guga ya rugo gida ya janye sakainar daga feshi. Tsofaffin ganyen suka fara yamushewa suna bushewa, hankalinsa ya tashi, amma ya daure bai yi komai ba. Ashe jikinsu suke shayar da ƙananan da shi. Duk da haka ba duka suka yi rai ba. Wannan ya bushe, wancan ya faɗi, har ya rage guda ɗaya tal. Ita kuwa irin shukar nan ba ta gaggawa. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, wata bazarar ta zagayo, duk ganyenta bai fi kan babban yatsa ba.

Duk tsawon lokacin nan bai gaya wa Gwaggo ba, ya kuma hana Tasalla faɗa. Ya ce, "Sai ta yi ƙarfi. Ba zan sa mata rai ba, a koma a durƙusa mata karo na uku."

Sai wata rana Tasalla ta dawo daga kai ruwa jikinta a sanyaye. Ta ce, "Malam, Gwaggo fa ta kwanta. Ko kunun da na kai mata ba ta sha ba. In kana da abin da za ka kai mata, kada ka jira ya girma."

Ya ɗauki 'yar shukar da hannu biyu ya tafi. Ya yi sallama. Aka ɗan jima, sannan murya ta amsa daga ciki a raunane. Ya shiga ya tarar da ita kwance a tabarma, tukunyar nan ta Sallau tana kusa da kanta, wayam.

Ya ce, "Gwaggo, ni ne Nomau. Ban zo da ruwa ba. Ki ba ni aron hannunki."

Ba ta miƙa ba, ba ta kuma hana ba. Ya kama hannun a hankali ya ɗora bayan yatsanta a kan ɗan ganyen. Yatsan ya tsaya cik. Sai ya motsa, ya shafa, ya sake shafawa.

Ya ce, "Ganyen da kika ce in kwashe, ban zubar ba. Ɗaya daga ciki ne ya tsiro."

Tsohuwa ta yunƙura ta tashi zaune. Ta ce, "Nomau, tsakaninka da Allah, daga ta Sallau ta fito?"

Ya ce, "Daga ita ta fito, Gwaggo."

Ta daɗe tana shafawa, hawaye yana bin kuncinta. Sannan ta ce, "Ni ba ni da ido. Hannuna kuma ba zai iya raba wannan da wata irinta ba. Da wani ne ya kawo mini, da na ce tsinto ta ya yi a wani wuri don ya rarrashe ni, da kuma ban karɓa ba. Amma mutumin da ya durƙusa a nan ya ce mini shi ya kashe, alhali ba wanda ya gan shi, in ya ce ita ce, to ita ce." Ta lalubo tukunyar ta tura masa. "Mayar da ita ɗakinta. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini, na tsananta."

Nomau ya fashe da kuka. Ya dasa ta a tukunyar, tsohuwa tana riƙe da gefen tukunyar tana yi masa faɗa kada ya danne saiwar. Da ya gama ta ce a miƙo mata kunun nan, ta sha. Ta ce, "Gobe ka zo da garwarka. Tulun Tasalla ba ya cika mini randa."

Allahu Akbar! To, jama'a, kun ji. Ni abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan. Da Nomau ya dasa shukar Shekarau, da tsohuwa ta samu ganyen shafawa, amma na ƙarya, shi kuma ya rayu yana tsoron ranar da asiri zai tonu. Gaskiyar da ya faɗa ranar da take da ɗaci, ranar da ta jawo masa kora da zagi, ita ce ta sa ranar da ya zo da magana mai daɗi aka yarda da shi ba shaida. Wanda ya saba rufe laifinsa da ƙarya, ran da ya zo da gaskiya ba mai karɓa. Kuma ku lura, ba ƙiyayya ce ta kashe shukar nan ba, so ne wanda ba ya sauraro. Iyaye, da ku nake. Yaro ya ce wannan a ba shi, ya ce wancan a ba shi, ba a taɓa ce masa a'a ba, kuna cewa ƙauna ce, alhali saiwarsa tana ruɓewa a ƙasa ba ku gani.

Kai tela da ka ɓata wa mutum yadi ka ɓoye a cikin ɗinki, kai makaniki da ka karya abu a mota ka ce da ma haka ta zo, ke da aka ba ki ajiya ta lalace a hannunki kika ɗora wa yara, kai da kake riƙe da gonar marayu, duk ku duba zukatanku. Kusan kowa a nan yana da wanda ya yi wa ɓarna, mai abin bai sani ba, ba kuma zai taɓa sani ba in ba kai ka faɗa ba. Kada ka jira ya kwanta ciwo. Ka je tun yana iya jin ka, ka durƙusa, ka ce ni ne. Ko ya kore ka, ka daure, ka ci gaba da kyautata masa.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗin laifinmu da bakinmu, ya sa mu mutu ba amanar kowa a wuyanmu. Ku ce amin.